Inda Kibiya Ta Nuna

Malam Sebastian ya tsinci makullin motarsa a cikin gwangwanin shinkafa. Bai tsaya neman wanda ya sa shi ciki ba. Ƙarfe ɗaya ta gota, an kusa tashi daga makaranta. 'Yarsa Diana kuwa, in yara suka watse ba ta hango Fijo ba, kuka take yi har numfashinta ya sarƙe.

Daga Samaru zuwa Sabon Gari, hannunsa ya san hanya. Shekara talatin yana tuƙa motar ma'aikata, ko kaza bai taɓa takewa ba. Amma yana karya kwana zuwa titin makarantar a Muchia, sai ga motoci da keke sun yo kansa, sun cike titin gefe da gefe, ana oda, ana zagi.

Wata 'yar sanda mai ba da hannu ta taho a guje, ta tare su da jikinta.

"Baba, kashe motar."

"Su za ki yi wa magana, 'yar nan! Ni a hannuna nake."

Ta nuna masa wani jan allo mai farin layi kwance a tsakiya. "Wannan yana nufin ba shiga. Wancan shuɗin mai kibiya kuma, kowa inda kibiyar ta nuna yake bi. Titin hanya ɗaya ne. Ba a shigo masa ta nan, sai an zagaya."

"Yaushe aka kafa su? Jiya babu."

Ta ɗan ɗaga ƙofar direba sama kafin ta ja, ƙofar ta buɗe. Ya matsa gefe, ta shiga. Motocin na tsaye, ta fitar da Fijon a hankali, ta tsallake giya ta biyu mai cijewa, suka kama zagaye.

"'Yata shekararta bakwai," ya ce. "Uwarta ta rasu, ni kaɗai gare ta. Kada ta zaci na manta da ita."

"Ta san kana zuwa. Kullum kana zuwa."

Suka shigo titin ta inda kibiya ta nuna. Ya dafa hannunta, ta tsaya. Babu ƙofar makaranta, babu bishiyar mangwaron da Diana ke jira a gindinta. Shagon siminti ne, wata babbar mota tana sauke kaya. Ya juyo wajenta.

"Ina suka kai min ita?"

"Tana lafiya, Baba. Mu je gida."

Ya daɗe yana kallon fuskarta, bai samu komai a ciki ba. Idonsa ya sauka kan sunan da ke maƙale a rigarta, ya karanta baƙi bayan baƙi, ya yi murmushi.

"Ikon Allah! Ashe takwarar 'yata ce ke."

Diana ta share ido da bayan hannu, ta kama hanyar Samaru, tana tunanin inda kuma za ta ɓoye wa mahaifinta makullin nan.