Mai Awon Gidan Mai Rai

Na rantse ba za ka yarda ba, don ni kaina da labaran da ke bakina suka fi gashin kaina yawa, wannan sai da na riƙe baki. Wani magini ne a wata unguwa, hannunsa ba laifi, amma ƙafarsa ta fi hannunsa aiki. Ya ji ana cewa sana'a sai da jama'a, shi ke nan ya mai da zumunci kasuwa. In suna ake yana nan, ɗaurin aure yana sahun gaba, teburin mai shayi kuwa har benci ya san gurbinsa. Amma babbar kasuwarsa zaman makoki. Ya lura duk gidan da mai shi ya rasu aka raba gado, sai an ja katanga a tsakiya, kowane ɗa ya fasa tasa ƙofar. Saboda haka in aka ce a yi wa mamaci addu'a, kowa ya sunkuyar da kai, shi tafukansa na sama, idonsa na awon tsakar gida. Kai jama'a! Mutane na hawaye, wani na tunanin bulo da siminti! Da wani magini ya gano dabarar ya fara riga shi hawa tabarmar makoki, sai gogan naka ya ce ai mai jiran a mutu ya makara. Ya koma zuwa dubiya.

Ana nan sai wani tsoho mai faffaɗan gida da 'ya'ya maza biyu ya kwanta, jiki ya yi tsanani har ko kunu sai an ɗura masa. Magininmu ya sayi lemo da ayaba ya iso, ya durƙusa bakin gado. "Sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne," har da matse ido. Yana fitowa ya bi tsakar gida da dogon taku, daga rijiya zuwa gindin darbejiya. Ya ja babban ɗan zuwa jikin bango ya ce, "Yaya, ba fata nake ba, amma in ta Allah ta kasance, rijiyar nan ɓangarenka ya kamata ta faɗo. Ni na san yadda zan karkata igiyar awo." Washegari ya ja ƙaramin ɗan zuwa jikin bangon nan, ya yi masa alkawarin rijiyar nan dai. Kafin ka ce kwabo, wa da ƙani da suka tashi kwano ɗaya sun daina ko gaisawa. Abin da magini bai lura ba, tagar tsoho a jikin bangon take, ciwon kuma a ƙirji yake, ba a kunne ba. Haushi ya yi wa tsoho abin da allura ta kasa. Ran Juma'a sai ga shi a masallaci yana dogara sanda. Ana sallamewa ya cafki wuyan rigar magini a gaban jama'a ya ce, "Kai ne mai raba mini gida ina numfashi? Ka ba wannan rijiya, ka ba wancan rijiya, ta ubanka ce? Wuce mu je, tunda ka iya awo!"

Haka magini ya ƙarasa wunin cikin rana yana ɗaure bakin rijiyar da siminti, ba ko sisi, 'ya'yan nan biyu na zaune kan tabarma ɗaya a inuwar darbejiya suna shan rake suna nuna masa inda bai yi sumul ba. Tun daga ranar, in ya yi sallama a ƙofar gida, daga ciki mata ke amsawa, "Mai gidan lafiyarsa ƙalau, yi gaba!" Har waɗanda suka saba ba shi aiki suka janye, don wa zai kira mai yi masa awo da ransa? Ka ga abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman ƙiba aka samo rama.