Rawar Hannun Mai Aski

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun safe, likita ta ɗora takarda a bayan hannun mai askin. Takardar ta kama rawa.

"Ba shaye-shaye ba ne, Mama," ta ce da mahaifiyarsa. "Wata halitta ce a maƙogwaronsa take aiki fiye da kima. Ita ta kawo rawar hannun da ramar. Jininsa ma ya yi ƙasa. Akwai magani."

Bai ji daɗi ba, bai ji haushi ba. Wata takwas ke nan da ya yanki kunnen wani, maigidansa ya karɓe injin aski ya ce, "Je ka, ɗan ƙwaya, in ta sake ka ka dawo." Tun ranar, kullum safiya sai Mama ta laluba aljihunsa.

A ƙofar asibiti ta miƙo hannu za ta gyara masa wuyan riga. Kafin ta taɓa shi, ya zazzago aljihunsa biyu waje, kamar kullum.

Kujerar aski ɗaya ya rasa, da kilo goma sha ɗaya, da yardar uwa ta wata takwas. Kilon dai, likita ta ce zai dawo.