Tawada a Cikin Roba

Baƙin ruwa ta gani yana gangarowa cikin robar da ke fitowa daga ƙirjin mahaifinta.

Tun da aka yanke masa hanyar abinci saboda ciwon daji, aka jawo tumbinsa aka haɗa da maƙogwaro, ɗinkin ya ƙi kamawa. Likita ya ce ko ruwa ya haɗiya, cikin ƙirji zai zuba ya ruɓe, don haka ta robar ciki ake ciyar da shi har ɗinkin ya kama. Makonni ke nan tana gadin bakinsa. Kunun 'yan dubiya daga Toranke ta mayar, zamzam ma ta hana, har dangi suka laƙaba mata 'yar boko marar imani.

Yau alwala kawai ta fita yi, ta bar shi da gwaggonta.

"Gwaggo, rubutu kika ba shi?"

"Ni? Wallahi ajiye gorar na yi a gefen gado, don albarka."

Ta dubi mahaifinta. Busassun leɓɓansa sun yi baƙi da tawada.

"Ƙishi ne, uwata," in ji shi, muryarsa a dushe. "Kada ki gaya wa likita, kwanaki zai ƙara mini. In kika ƙetare ƙofar nan, ban yafe ba."

Tunda take, ba ta taɓa tsallake maganarsa ba. Ta gyara mayafinta, ta kama ƙofar.

"Ka rayu tukuna, Baba. Sai ka ƙi yafe mini a gida."