Gaisuwar Da Ta Ƙi Ƙarewa

Ina aji uku a firamare lokacin. Bayan la'asar na rako kakata, Inna, daga gidan barka a Limawa, sai muka yi kiciɓis da limamin unguwa. Inna ba ta taɓa gaida babba a tsaye ba. Ta cire takalmi ta tsuguna.

Ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi damina. Liman ya amsa, ya dakata yana jiran ta miƙe kafin ya wuce. Ba ta miƙe ba, sai ta koma farko: "Ya gida, Malam?"

'Yan ajinmu biyu suna gindin darbejiya suna ƙunshe dariya. Na ja da baya na kau da kai kamar ban san ta ba. A raina na ce tsufa ya fara ruɗa ta.

Da Liman ya gaji ya tafi, ta kira ni ƙasa-ƙasa: "Ƙawata, matso. Yi kamar kina gyara mini mayafi."

Na sunkuya. Ta dafa kafaɗata, ta miƙe da ƙyar tana cije leɓe. Duk nauyinta bai kai na tulun ruwa ba. Ashe tun gaisuwar farko take neman tashi, ƙugu da gwiwa suka ƙi, ni kuwa na tsaya inda hannunta ba zai kai ba.

Ta shafa mayafin, ta ɗaga murya yadda yaran za su ji: "Ya gyaru. Allah ya yi miki albarka."

Har yau albarkar nan nauyi take yi mini.