Gidan Sauro a Cikin Tafki

Mijina Jatau ba ya nan. Kwale-kwalensa yana kife a bayan ɗakina, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa, kuma babu mai shigo mini da hantsi yana ƙarnin tarwaɗa yana tambayar ina fura. Shi ne Sarkin Ruwan garinmu har Allah ya karɓi abinsa. Da aka share makoki sai aka naɗa ƙaninsa Tanimu, wanda tun ina amarya muke tsokanar juna.

Ran nan Tanimu ya same ni a bakin banda ina juya kifi. Ya ce masunta za su taru su yanke abin da za a fara yi, don kifin tafkinmu yana ta ƙanƙancewa. Shi a ganinsa a fara da jirgi mai inji da rumfar kasuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gidan sauron da kuke jan kifi da shi fa?"

Ya ce, "Haba matar Yaya, wannan ai ƙaramar magana ce. Za mu zo kanta."

Na ce ya ja turmi ya zauna. Ban yi karatu mai nisa ba, amma akwai wani misali da yayansa yake bayarwa, na ji shi har na haddace.

Wasu masunta ne suke da tafki mai albarka, sai kifinsu ya fara ja da baya. Suka taru a gindin tsamiya don su ga ta inda za su fara gyara. Wani ya ce a gina babbar banda, don ɗan abin da ake kamawa kada ya lalace. Wani ya ce a sayi inji, don kifin ya koma tsakiya ne, tuƙi da hannu ba ya cim masa. Wani ya ce duk ba wannan ba, a ɗinka huluna iri ɗaya, don ƙungiyar da ba ta da hula ba ta da kwarjini. Sai wani tsoho ya ce, "Ku fara fitar da gidan sauro daga ruwa ku mayar da shi kan gado. Yana kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. In damina ta faɗi kuma ku bar ruwan ya huta, kifi ya saki ƙwai." Kowa ya ce, "Gaskiya ne Baba, za mu zo kanta." Aka fara da hula, don ita ce ba a yi gardama a kanta ba. Aka kama ginin banda, wadda sa zai shiga ya juya bai taɓa bango ba. Magina suna son abinci, sai aka ƙara jan gidan sauro. Inji ya iso yana son mai, sai aka shiga ruwa a tsakiyar damina, ana farke cikin karfasa ana zubar da ƙwai. A gida kuwa sauro ya samu gari babu ƙofa. Suna cin 'ya'yan kifi, sauro yana cin nasu.

Ranar buɗe banda aka gayyato hakimi, aka kawo makaɗa. Masunta suka karkata huluna, suka tayar da inji, suka zagaye tafkin da taru. Aka ja, aka ja, ana kirari. Da tarun ya fito sai ga kwaɗi, da takalmi wari ɗaya, da wani kunkuru da ya leƙo ya ga taro ya mayar da kansa. Ga wuta tana ci a banda, ga baƙo yana jira. Sai aka tura mai babur birni a ɓoye ya sayo kifin ƙanƙara, aka jera shi, aka ba shi hayaƙi, aka kai gaban hakimi. Ya gutsura, ya tauna, ya dube su ya ce, "Ikon Allah! Ashe tafkin nan naku har kifin teku yake haifa?" Babu wanda ya ɗaga hula. Da baƙi suka watse suka je wurin tsohon suka ce, "Baba, yanzu mun zo kan maganarka. Za mu bar ruwan ya huta." Ya ce, "Ku dai ku huta. Shi ruwan ya riga ku." Bandar tana nan, awaki ne suke fakewa a ciki in ana ruwa.

Tanimu ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Ke da Yaya dai bakinku ɗaya. Har ya tafi bai daina yi mini faɗa ba."

Na ce, "Ni ce ya bar wa wasiyyar kunnenka."

Bayan taronsu ya aiko mini da gidan sauronsa in wanke masa. Na wanke da sabulu, na sake wankewa, ƙarnin bai fita ba. Yanzu yana rataye a kan gadonsa, kuma matarsa ta ce duk kyanwoyin unguwa a ƙofar ɗakinsu suke yini. Maganar inji an ce sai kifi ya dawo. Dama Hausawa sun ce, ana ta kai, wa ke ta kaya?

Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya taya ni roƙo. Allah ya jiƙan Jatau, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa. Allah ya raya 'ya'yan kifin tafkinmu har su girma, ya ba Tanimu haƙuri da kyanwoyi. Amin.