Zoben da Ke Kuka Bayan La'asar

Wayata ta sake kuka, na yar da almakashi a kan ɗinkin mutane, na nufi gida da gudu.

Tun da huhun Mama ya raunana likita ya sa mata zobe mai auna iskar da ke jininta. Da ta ragu sai wayata ta hau kuka. Abin da ya ɗaure mini kai, kullum bayan la'asar ne. Na hana turare, har magen gidan na kora, amma a banza. Yau na ce sai na ga ƙwal uwar daka.

Ina banka ƙofa sai ga tsohuwar maƙwabciyarmu sanye da hular marigayi Baba, tana kwaikwayon yadda yake faɗa da rediyo. Mama ta riƙe ciki, dariya har da hawaye, numfashi na sarƙewa. Rabona da ganin haƙoranta tun rasuwarsa.

"Mama, zoben nan fa kuka yake!"

Ta share ido, ta ja numfashi da ƙyar.

"Bar shi ya karɓe ni, 'yar nan, ni na yi nawa kukan. Jawo kujera."