Shafin da Bai Jiƙe Ba

Ranar Talata, goma ga watan Satumba na shekarar 2024, da ƙarfe takwas da kwata na safe, Malam Waliyyu, tsohon hedimastan firamare, ya sauka bakin Gulbin Zamfara a Jega. Da ƙafa ya zo daga Sabon Gari. Shekara shida ke nan rabonsa da hawa babur, rabonsa kuma da shiga jirgi.

Tungar Sahabi za shi, ƙauyen da ya koyar shekara ashirin da biyu. A yau Sarkin Ruwa zai yanke maganar Ladan, matuƙin da kwale-kwalensa ya kife a daminar 2018, mutum uku suka rasu. An ce kwaɗayi ya sa ya zarce ƙa'idar jirginsa ta mutum goma sha takwas, aka raba shi da ruwa. Bana ambaliya ta cinye gonarsa, ya roƙi a mayar masa da sana'arsa. In aka tabbatar da kwaɗayin, shi da gulbi sun rabu har abada.

Malam Waliyyu yana cikin jirgin nan ranar da ya kife. Kowa ya san ba ya shiga mota ko jirgi sai ya ƙirga mutane ya rubuta, kamar mai kiran sunaye a aji. Shi ya sa duk wanda ya tsira, da aka tambaye shi a wancan lokaci, sai ya sunkuyar da kai ya ce a tambayi Hedimasta. Yawancinsu ta hannunsa suka bi a makaranta. Shi kuwa ya ce littafin da ya rubuta ƙirgan a ciki ya jiƙe. Ladan, wanda shi ma ɗalibinsa ne, bai ce komai ba sai, "Ni na ɗauka."

Imrana, matuƙin yau, ya ƙirga fasinjansa sau biyu, ya tayar da inji. Sun ɗan rabu da gaɓa ke nan sai ga wani dattijo da babbar riga yana ɗaga hannu yana kira.

"Kai Imrana, ba ka ganin mutum?" in ji wata fasinja, Yalwa mai albasa. "Wanga ya haihe ka!"

"Inna, ko babana ne, shi jira na gaba. Jirgi ya cika."

"Ɗiyan zamani! Ba kunya, ba ta ido."

"Kunya ba ta iya iyo, Inna."

Aka yi dariya. Malam Waliyyu bai yi ba. Ya dafe aljihun gaban rigarsa, ya kau da kai.

Ruwa ya yi ja, ya haye gonakin fadama, sai kan gero ke leƙowa nan da can. Suka wuce masunta suna jan koma, suka wuce mata masu wanki. A wata kwana inda tsohuwar giginya ta karkato kan ruwa, Imrana ya rage wuta. Nan ne wurin da jirgin Ladan ya kife. Malam Waliyyu ya karanta Fatiha, ya ambaci sunaye uku a hankali: Umaima, Shafa'atu, Zayyad. Zayyad ne ya fi kowa kyan rubutu a ajinsa.

Ƙarfe goma saura minti biyar suka isa. Ladan na tsaye a gaɓa, ya rame, furfura ta fito masa. Yana ganin Malam ya durƙusa, ya miƙa hannu zai karɓi jakarsa.

"Ranka shi daɗe, an zo lahiya? Da ba ka wahal da kanka ba. Abin da ya wuce ya wuce."

"Tashi, Ladan," in ji Malam. "Kada ka ƙara durƙusa mini."

A ƙofar gidan Sarkin Ruwa an shimfiɗa tabarmi, dangin mamatan na gefe guda. Aka ba Hedimasta kujera, ya ƙi, ya tsaya kamar ɗalibin da aka kira gaban allo. Ya ciro littafi mai baƙin bango daga cikin leda. Gefensa ya kumbura, amma shafin tsakiya ruwa bai taɓa shi ba. Waɗanda suka tsira suka sunkuyar da kai, kamar yadda suka yi shekara shida da suka wuce.

Ya gyara tabarau, ya karanta abin da hannunsa ya rubuta minti ashirin kafin jirgi ya kife:

"Ƙarfe huɗu da minti goma. Ladan ya tashi da mutum goma sha takwas cif. Na kira shi daga gaɓa, ya ce jirgi ya cika. Na tuna masa wanda ya koya masa ƙirga, ya dawo. Yanzu mu goma sha tara ne, da babur ɗina ɗaya."